Dama daban, yiwuwa daban: kalmomin zato na Turanci da abin da suke ɓoyewa

Akwai wata jimla da nake yawan cin karo da ita a labaran lafiya, kuma duk lokacin da na gan ta sai ta tsaya mini a rai: “Masu shan taba sun fi samun damar kamuwa da ciwon huhu.” Bahaushe ba ya kiran abin da yake gudu dama. Dama abin nema ce. Ana ba mutum ita, yana samunta, tana kuɓuce masa ya yi ta cizon yatsa. Babu wanda ya taɓa cizon yatsa don ciwo ya wuce shi. Wanda ya rubuta jimlar ba ganganci ya yi ba, kuma ba lalle ne a ce Turancinsa ya gaza ba. Kalmar “chance” ya gani a takardar da ke gabansa, tun a makaranta kuma an koya masa cewa “chance” ita ce dama, sai ya ɗora. Abin da ba a gaya masa ba shi ne kalmar baki biyu gare ta.

Wani lokaci “chance” dama ce sak, wato ƙofar da aka buɗe wa mutum. Wani lokaci kuma awo ce, tana faɗin yadda abu yake kusa da faruwa ko nesa da shi, ko ana son abin ko ba a so. Sau da yawa abin da ke raba su wata ’yar kalma ce mai harafi biyu da ke biye da ita. In aka ce “a chance to speak”, an ba mutum damar magana ke nan. In aka ce “a chance of rain”, ba a ba ruwan sama damar komai ba, yiwuwar saukarsa ake aunawa. Ba doka ce marar togiya ba, amma wanda ya riƙe bambancin “to” da “of” a nan ya tsira daga yawancin kurakuran.

Asalin kalmomin ma yana nuna haka. “Chance” ta shiga Turanci daga tsohon Faransanci, tushenta kuma kalmar Latin ce mai ma’anar faɗuwa, kamar yadda ’ya’yan caca ke faɗuwa in an watsa su. Babu hannun kowa a ciki, yadda ta faɗi haka ta faɗi. “Opportunity” kuwa masana asalin kalmomi suna mayar da ita ga furucin Latin da ke nufin “zuwa ga tashar jirgin ruwa”, wato iskar da ta kaɗa daidai inda matuƙi yake son zuwa. Shi ya sa har yau “opportunity” ba ta ɗaukar mugun abu. Ita ce damar Bahaushe, ita ce zarafi, kuma kamar iska, tana iya juyawa kafin mutum ya gama shiri. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Kishiyarta a wannan fuska ita ce “risk”, wadda ba ta ɗaukar abin alheri: ana cewa “risk of losing”, ba a cewa “risk of winning”. Da mai labarin taba ya lura cewa “chance” ɗinsa a wurin “risk” take zaune, da “haɗarin kamuwa” ya rubuta, magana ta ƙare. Akwai ma masanan da ke ganin “risk”, wadda ta ratso ta Italiyanci da Faransanci, tushenta ɗaya da kalmar Larabci da muka ara muka ce arziki. Ba dukansu suka yarda da haka ba, amma ra’ayin yana burge ni, don duk wanda ya ɗora dukiyarsa a jirgin ruwa ya san riba da asara tare suke tafiya.

Daga nan sauran maganganun sai su warware da kansu. “Take the opportunity” amfani da dama ne, “take a chance” kuwa kasada ce. “By chance” katari ne in abin ya yi daɗi, tsautsayi in bai yi ba. “Slim chance” siririyar yiwuwa ce, amma “fat chance” ba ƙatuwar yiwuwa ba ce, gatse ne, ma’anarta kada ma ka sa rai.

Wannan ɓangaren mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin “possible” da “probable”, domin mu duka biyun mukan zuba su a buhu ɗaya mu ce “mai yiwuwa”. Alhali tazarar da ke tsakaninsu ta fi ta tsakanin dama da haɗari yin ɓarna, saboda ita ba a jin ta a kunne. “Possible” abu ɗaya kawai take faɗa: ƙofar ba a rufe take ba. Ka jefa kwabo sama sau goma ya faɗi ta fuskar da ka zaɓa duk goman, wannan “possible” ne, amma a lissafi sau ɗaya ne cikin 1024. “Probable” da ’yar’uwarta “likely” suna faɗin abin da ya fi haka nauyi: an ɗora a ma’auni, ɓangaren faruwa ya rinjaya. Ɗaya tana cewa ba a hana ba, ɗaya tana cewa shi ake sa rai.

A watan Mayu na 2011, hukumar binciken cutar daji da ke birnin Liyon na Faransa, wadda reshe ce ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ta saka siginar da wayar hannu ke fitarwa a rukunin da take kira “possibly carcinogenic”. A 2015 ta saka maganin kashe ciyawa na glyphosate a rukunin “probably carcinogenic”. Taba sigari kuwa tana rukuni na ɗaya, inda babu “possibly” babu “probably”, hujja ta kammala. Matakala uku ke nan, kuma da gangan aka gina su. Wanda ya fassara duka da “na iya haddasa cutar daji” ya rushe matakalar, ya ajiye wayar da ke aljihun mai karatu kusa da karan sigari. Akwai ma wani abu da ya fi wannan ɓoyuwa. Waɗannan kalmomi a bakin hukumar ba girman haɗari suke aunawa ba, ƙarfin hujja suke aunawa. Tambayar da suke amsawa ita ce “yaya tabbacinmu yake cewa abin yana iya jawo cutar”, ba “mutum nawa zai kama” ba.

Kada a ɗauka wannan matsala ce ta wanda ya koyi Turanci da girma. Masu harshen ma ba su daidaita a kanta ba, kuma sun gano haka ne a wurin da kuskure ke iya cin rayuka. A watan Maris na 1951, hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta fitar da rahoto kan ko Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta za su mamaye Yugoslabiya a shekarar, bayan ɓatawar shugabannin ƙasashen biyu, Stalin da Tito. Rahoton ya ce a ɗauki harin a matsayin “serious possibility”. Bayan ’yan kwanaki wani babban jami’i na ma’aikatar harkokin waje ya tari Sherman Kent, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara rahoton, ya tambaye shi me suke nufi a lissafe. Kent ya ce masa a nasa ganin kashi 65 cikin 100 ne za a kai harin. Jami’in ya yi mamaki, don shi ya karanta kalmar a matsayin abin da ya yi ƙasa da haka sosai. Sai Kent ya koma ya bi abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, mutanen da suka zauna a teburi ɗaya suka amince da wannan furuci. Amsoshinsu suka tashi daga kashi 20 har zuwa kashi 80. Kowa ya sa hannu, kowa kuma abin da yake nufi daban. Kent ya yi shekaru yana neman a ɗaura wa kowace kalma adadinta, ya rubuta maƙala a kai a 1964, amma da yawa daga abokan aikinsa suka ƙi. Ya kira su mawaƙa, ya kira irinsa masu lissafi.

Ina ganin na fahimci dalilin ƙin nasu, ko da ban goyi bayansa ba. Kalma marar adadi mafaka ce. In abin ya faru ka ce ai na faɗa, in bai faru ba ka ce ai ban ce tabbas ba. Hausawa sun daɗe da gano wannan, shi ya sa suke cewa wataƙila ta hana Bature ƙarya.

Shekara goma bayan rahoton Yugoslabiya, aka biya farashin wannan mafaka. A farkon 1961 manyan hafsoshin sojan Amurka suka duba shirin tura ’yan gudun hijirar Kyuba su kifar da shugaban ƙasar, Fidel Castro, suka rubuta wa Shugaba Kennedy cewa shirin yana da “fair chance” na nasara. Jami’in da ya tsara rubutun ya bayyana daga baya cewa abin da yake nufi bai wuce kusan kashi 30 ba, wato faɗuwa ta fi kusa. Amma ba a rubuta adadin ba, kuma “fair” kalma ce mai daɗin ji. A watan Afrilu aka sauke mutum kusan 1400 a gaɓar tekun Kyuba, cikin kwana uku aka murƙushe su. Ba kalmar kaɗai ta jawo wannan ba, akwai dalilai da yawa, amma ta share wa kuskuren hanya.

Sannu a hankali ra’ayin Kent ya yi nasara a wasu wurare. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, IPCC, yana da jadawali da ya ɗaure kalmominsa da shi. A rahotanninsa “likely” na nufin kashi 66 zuwa sama, “very likely” kashi 90 zuwa sama, “extremely likely” kashi 95 zuwa sama, “virtually certain” kuma kashi 99 zuwa sama. Da wannan a hannu, duba yadda maganarsu ta yi tafiya kan cewa ayyukan ɗan Adam ne babban dalilin ɗumamar duniya. A 2001 suka ce “likely”. A 2007 suka ce “very likely”. A 2013 suka ce “extremely likely”. A 2021 suka ajiye kalmomin zato, suka ce tasirin ɗan Adam wajen ɗumama duniya abu ne da babu tantama a kansa. Aikin shekara ashirin na dubban masana yana cikin wannan hawa da kalmomin suka yi. In mai fassara ya rubuta “mai yiwuwa” a duk shekarun, mai karatun Hausa zai ɗauka masanan suna nan inda suke tun 2001, suna ta ƙila-wa-ƙala. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, kuma babu wanda zai kama ta, don babu ƙarya ko ɗaya a jimlar.

Jadawalin ma bai kashe wutar duka ba. Hukumomin leƙen asirin Amurka, a ƙa’idar da suka sabunta a 2015, sun ajiye “likely” tsakanin kashi 55 da 80. Ke nan kalma ɗaya, gida biyu, awo biyu. Bincike da David Budescu da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 ya nuna cewa masu karatu suna jan kalmomin IPCC zuwa tsakiya, su karanta “very likely” ƙasa da kashi 90 ɗin da ake nufi, ko da an nuna musu jadawalin. Abin da ya fi taimakawa shi ne a rubuta adadin a jikin kalmar, a cikin jimlar kanta.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke yi kamar Hausa ba ta da nata matakalar, alhali tana da ita, doguwa ma. A sama akwai tabbas, babu makawa, ko shakka babu. Ƙasa da su kaɗan akwai ana kyautata zato, da alama, bisa dukkan alamu, mafi rinjayen zato. A tsakiya mai yiwuwa da wataƙila suke zaune. Sai a gangaro zuwa da kamar wuya, da wuya, da ƙyar, har a kai ga sai dai wani ikon Allah, sannan faufau. Duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu kuma ya san wata matakalar da ta fi wannan tsari: yaƙini, sai zato wanda shi ne ɓangaren da ya rinjaya, sai shakka inda ɓangarorin biyu suka yi kunnen doki, sai wahami wanda shi ne ɓangaren da aka rinjaya. Wannan kusan shi ne jadawalin da Kent ya yi ta fafutukar kafawa, malamai kuma sun riga shi da ƙarnoni. “Probable” zato ne mai rinjaye, “fifty-fifty” shakka ce, “unlikely” tana unguwar wahami. Kotunan da suka gaji dokar Ingila ma a kan irin wannan bambanci suke aiki: shari’ar diyya ana yanke ta bisa “balance of probabilities”, wato wanda hujjarsa ta rinjaya, shari’ar laifi kuwa sai an kai “beyond reasonable doubt”, dab da yaƙini. Shi ya sa a Amurka aka wanke tsohon ɗan wasa O. J. Simpson daga laifin kisan mutum biyu a 1995, amma a 1997 wata kotun ta ɗora masa biyan diyya a kan mutuwar mutanen nan biyu. Kotunan ba saɓa wa juna suka yi ba, ma’auninsu ne daban.

Har a nahawunmu akwai wannan awo. “Za su dawo” alkawari ne ko labari tabbatacce. “Sa dawo” kuwa sa rai ne, an bar wa abin ’yar ƙofa. Haka “za mu haɗu” da “ma haɗu”, “za ku gani” da “kwa gani”. Bahaushe yana jin wannan bambanci ba tare da an koya masa ba. Turanci yana yin irin wannan aiki da “will”, “may”, “might” da “could”, kuma su ne kalmomin da suka fi ɓacewa a kanun labarai. “Could” ta kanun labari sau da yawa “possible” ce tsagwaronta, ba ta yi alkawarin komai ba. In aka mayar da ita “zai”, an ƙara wa labarin abin da babu a cikinsa.

To, sai a ce a koma ga adadi kawai a huta. Adadin ma yana da nasa tarko. Tun 1965 hukumar hasashen yanayi ta Amurka take faɗin yiwuwar ruwa da kashi cikin ɗari, amma da Gerd Gigerenzer da abokan aikinsa suka tambayi mutane a titunan Niyok da wasu biranen Turai huɗu me “30% chance of rain” ke nufi, sai amsoshi suka rarrabu. Wasu suka ce za a yi ruwa a kashi 30 na wunin, wasu suka ce a kashi 30 na yankin. Abin da ake nufi shi ne, in ka tara ranaku ɗari da aka yi musu irin wannan hasashe, za a samu ruwa a kusan talatin daga ciki. Haka “odds”, wadda ta fito daga bakin masu caca: “three to one against” ba ɗaya cikin uku ba ne, faɗuwa uku ce a kan ci ɗaya, wato ɗaya cikin huɗu, kashi 25. Takardar da ke cikin kwalin magani a Turai in ta ce wata illa “common” ce, ba tana nufin yawancin masu sha za su gamu da ita ba, tana nufin tsakanin mutum ɗaya cikin ɗari da ɗaya cikin goma.

Mafi hatsarin duka shi ne “doubles the risk”. A watan Oktoba na 1995 kwamitin kula da lafiyar magunguna na Birtaniya ya yi gargaɗi cewa wasu sababbin ƙwayoyin tazarar haihuwa suna ninka haɗarin daskarewar jini a jijiya. Gaskiya ne, sun ninka: daga kusan mace ɗaya cikin 7000 zuwa biyu cikin 7000. Amma “ninki biyu” aka ji, ba a ji 7000 ba. Mata da yawa suka daina shan maganin cikin firgici, aka samu ɗaukar cikin da ba a shirya ba, har aka ƙiyasta ƙarin zubar da ciki kusan 13,000 a Ingila da Wels a shekarar da ta biyo. Ga shi kuma juna biyu kansa ya fi maganin jawo daskarewar jinin. Duk inda na ga an ce haɗari ya ninka, tambayata ta farko ita ce: daga nawa zuwa nawa?

Ban koyi nauyin wannan magana daga littafi ba. Na koye shi ne ranar da na raka goggota asibiti, bayan an yi mata aikin cire wani ƙari. Likitan ba ya jin Hausa, ita ba ta jin Turanci, ni ne a tsakiya. Ya duba takardunta ya ce, “It is unlikely to come back, but it is possible.” Kunnena ya kama kalmar ƙarshe, na juya na ce mata, “Goggo, ya ce mai yiwuwa ne ya dawo.” Ba ta ce komai ba. Ta gyara mayafinta, ta kafa wa ƙasa ido, hannunta na kan wurin ɗinkin. A hanya ma ba ta yi magana ba. Bayan kwana biyu ’yarta ta kira ni ta ce tun da muka dawo ba ta runtsa ba, har ta fara faɗin wanda za a ba kaza da wanda za a ba kaza cikin kayanta.

A lokacin na sake juya jimlar likitan a raina, na ga abin da na yi. Kan maganarsa “unlikely” ne, “possible” jela ce kawai, irin wadda likita mai gaskiya ba ya yankewa. Ni kuwa na jefar da kan na miƙa mata jelar. Ranar da muka koma ganinsa na roƙe shi ya faɗa mini, a cikin mutum ɗari masu irin lalurarta, nawa ne abin ke dawo musu. Ya faɗi adadi ɗan kaɗan. Na durƙusa kusa da kujerarta na ce, “Goggo, ki yafe mini, ni ne ban faɗa miki daidai ba wancan karon. Cewa ya yi da wuya ya dawo. Yawancin masu irin naki, in an cire shi ke nan.”

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, “Da wuya ya ce?” Na ce da wuya ya ce. Ta sauke hannunta daga kan ɗinkin, ta ce, “To, alhamdulillahi. Tambaye shi yaushe zan fara sunkuyawa a salla.”